Kaskon da Na Fasa a Ƙofar Zaure

Kankara,
Jihar Katsina.

Zuwa ga ɗana Muttaka,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya tsare ku a wannan gari mai nisa da kuke zaune, Ya kuma sanya albarka a cikin aikinka da abin da kake ciyar da 'ya'yanka. Mu a nan alhamdu lillahi. Damina ta yi kyau ga waɗanda suka samu ikon zuwa gonakinsu. An fara karyar masara, dawa kuma ta fitar da kai. Waɗanda gonakinsu ke bakin daji kuwa, sai dai su tsaya daga nesa su nuna maka da yatsa. Ƙanwarka Hajaratu ta koma Faskari lafiya, na kuma samu labarin ɗanta ya warware daga zazzaɓin da ya yi. Gwiwoyina suna nan yadda ka san su, ba su ƙaru da komai ba sai tsufa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Lawwali direba, alhali kullum kana iya kirana a waya. Da gangan na yi. A waya kana katse ni, kuma idan na yi shiru don in zaɓi kalmar da ta dace, sai ka ɗauka na manta abin da nake faɗa ne. A takarda kuwa dole ka bi ni har ƙarshe. Ka duba rubutun da kyau, ka ga ko hannu ya karkace ko layi ya hau kan layi, domin na ji an ce maka Gwaggonka ta fara ruɗewa. Na san abin da Hajaratu ta faɗa maka bayan ta bar nan: wai ta same ni zaune ina hira da kare, tukunya tana ƙonewa a murhu, wai kuma na kasa tashi daga kujera sai da ta ɗaga ni. Na kuma san abin da ka yanke a kai, wato da zarar an gama kaka za ka aiko da mota a kwashe ni da kayana zuwa Fatakwal, a rufe gidan nan. Ban yi fushi da ita ba, abin da idonta ya gani ta faɗa. Sai dai ta zo a tsakiyar labari, ta tafi a tsakiyarsa. Zan ba ka shi daga farko, sannan in gaya maka abin da ni na yanke.

Ka san tun da mutanen ƙauyukan bakin daji suka fara gudowa cikin gari saboda 'yan bindiga, ba mutane kaɗai ne suka rasa gidajensu ba. Wanda ya gudu da goyo a baya da tabarma a ka ba ya waiwayar kare. Karnukan sukan biyo sawu daga baya, su iso garin da ba su san kowa ba, su yi ta yawo a bakin kwata da bayan mahauta, a rame, ana jifansu. A tsakiyar damina, wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na fito zubar da shara sai na ji nishi a cikin lambatun da ke bin bayan katangata. Da na leƙa sai na ga wani jan kare kwance rabinsa cikin laka, ƙafarsa ta baya a karye, wayar tarko ta shige cikin naman har ba a ganinta. An yanke masa kunnuwa irin yadda mafarauta suke yi wa nasu, wanda ya nuna mini cewa ba ɗan bola ba ne, akwai wanda ya taɓa kula da shi. Bai yi mini haushi ba, bai kuma kaɗa wutsiya ba. Kallona kawai ya yi.

Na koma ciki da niyyar in manta da shi. Na dama koko na kasa sha. Maƙwabtan da suka leƙa suka ce a bar shi, kafin la'asar zai huta. Wani kuma ya ce a samu mai taɓarya ya taƙaita masa wahala. Na ce ba a bayan katangata ba. Akwai wata baiwar Allah mai suna Adama, mutuniyar wani ƙauye gaba da Pauwa, wadda aka kashe mijinta ta gudo, take zaune a kangon da ke kallon gidana tana sayar da itace. Ita kaɗai ce ta ajiye abin da take yi ta zo. Muka ɗaure masa baki da tsumma, muka mirgina shi a kan buhu, ita tana ja ni ina riƙe da gefe ina ba da umarni, har muka kai shi tsohon turken awakin da ke gefen zaure. Da muka sauke shi tana haki, ta ce ita tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin an yi wa kare tarairaya irin ta mai jego ba, saura a dafa masa ruwan wanka da ganyen darbejiya. Wannan ce dariyar farko da na ji ta yi tun da ta zo unguwar.

Na aika aka kira mini ma'aikacin lafiyar dabbobi daga kasuwar shanu, wanda yana cikin waɗanda na koya wa baƙi da wasali a zamanin da nake riƙe da makaranta. Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce Malama, shi fa shanu da tumaki ya saba da su. Na ce masa ƙashi ƙashi ne, ya tsuguna. Ya cire wayar, ya yi masa allurar rigakafin haukan kare, ya ɗora ƙafar da tsagaggen gora, muka naɗe ta da tsohon zanena da na yayyaga. Daga nan ya wanke hannunsa ya tafi, sauran aikin ya zama nawa. Safe da yamma sai in wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, in tsince tsutsa da tsinke, in shafa magani, in sake ɗaure abin da ya kwance da haƙoransa. Da farko ya ƙi cin komai. Na samu wani tsohon kasko na riƙa jiƙa masa ɗumame da romo a ciki, in ajiye in juya baya, domin na lura ba ya ci idan ana kallonsa. Ban ga laifinsa ba, ni ma haka nake.

Muttaka, na yi aiki a rayuwata, amma ban san akwai gajiya irin wannan ba. Ba aikin ne kaɗai ba, tsarkin ne. Na ware zane guda da tsohuwar riga don shiga turken, na rataye su a can, ba sa ƙetare zaure. Na ware buta da sabulu da bokiti. Duk shiga ɗaya sai wanka ko abin da ya kusa da wanka, kuma ka san ruwa a gidan nan daga rijiya yake fitowa, rijiyar kuwa ba ta san shekaruna ba. Akwai ranakun da nake idar da sallar magariba a zaune, kafaɗuna suna zafi kamar an ɗora mini dutsen niƙa, in ce a raina gobe zan sa a fitar da shi ya ƙarasa a inda Allah Ya nufa. Gari ya waye kuma in tarar da kaina ina dafa ruwan gishiri.

Abin da ya fi ciwon kafaɗa zafi shi ne watsewar ajina. Ka san matan unguwa da suke zuwa wurina da yamma koyon karatu da rubutu. Ɗaya bayan ɗaya suka daina zuwa, har ranar da Mairo, wadda ita ce bakinsu, ta zo ta tsaya daga waje ta ce mazajensu sun hana, wai mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, kuma su ba za su zauna karatu inda mala'iku suka ƙaurace ba. Na ce mata da farko dai karen ba a cikin gida yake ba, a turke yake. Na biyu kuma na karanta babin tsarki tun mijinta bai yi haƙora ba. Na uku ai ita ma ta san labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ta ce ta sani, Hajiya, amma shi wancan bawan Allah ruwa ya ba shi ya wuce, bai ba shi ɗaki ba. Na yi dariya har na riƙe ƙugu, domin a cikin ɗalibaina babu mai kaifin baki irin nata. Duk da haka ba ta shigo ba. Washegari na yafa mayafi na je wurin limamin unguwa da ƙafata, don kada a kai masa maganar a karkace. Ya saurare ni, ya ce jinƙan dabba mai rauni lada ne, ajiye kare don gadi ko farauta ko gona kuma sananne ne, amma ya fi dacewa da irina in nema masa inda zai yi amfani da zarar ya warke. Na ce masa, Malam, wannan ita ce niyyata tun ranar farko. Ni ba mai kare ba ce. Riƙo nake yi.

Saboda haka ne ban raɗa masa suna ba. Wanda ake riƙo yana da sunan da masu shi suka ba shi, ko da mai riƙon bai sani ba. Adama ce take ce masa Baƙo, ni kuwa idan zan yi masa magana sai in ce kai.

Haka ne, ina yi masa magana, kuma a nan ne Hajaratu ta shigo. Duk wanda ya taɓa wanke wa dabba ciwo ya san idan ka yi shiru za ta firgita ta cije ka, idan kana magana a hankali kuma sai ta kwanta. Ba ni da labarin da zan ba kare, don haka abin da ya zo bakina nake faɗa. A ranar da ta zo, ina karanta masa sunayen kogunan ƙasar nan ne daga arewa zuwa kudu, yadda nake sa 'yan aji su haddace. Ta yi sallama ban ji ba, ta shigo ta tarar da ni a kan 'yar kujera, ƙafar kare a hannuna, ina cewa Rima, Gongola, Binuwai. Ta tsaya da jaka a hannu tana salati. Wake kuwa ya kama a tukunya, gaskiya ne, domin ba a barin ɗauri a rabi a tafi duba wake. Kuma gaskiya ne da na gama na yunƙura na kasa tashi, sai da ta kama ni ta hammata. Wannan ba zan musa ba. Amma ina so ka bambance abu biyu da ita ta haɗa: gwiwata ce ta gaza, ba kaina ba. Ta kwana tana kuka tana cewa Gwaggo me ya kai ki, me mutane za su ce da mu, wai kuna da ɗa a Fatakwal kun ƙare da kare. Na ce mata mutane sun riga sun ce, kuma har yanzu rana tana fitowa ta gabas.

Bayan tafiyarta ciwon ya fara kamewa. Ya fara miƙewa a kan ƙafa uku, daga baya ya riƙa dangana ta huɗun a ƙasa kamar mai gwada zafin ruwa. Ranar da aka kwance goran ya zagaya turken yana ɗingishi, ya dawo ya kwanta a bakin ƙofa yana fuskantar titi, ya ɗora haɓarsa a kan ƙafafunsa. Tun daga ranar nan ne wurin zamansa. Idan na fita unguwa ya raka ni da ido har in sha kwana, idan na dawo in tarar da shi a tsaye. Ba zan ɓoye maka ba, na daɗe rabon da wani ya miƙe tsaye saboda na dawo gida. A nan ne na gane lokaci ya yi da za a nema masa wuri, tun abin bai yi nisa ba.

Na fara da neman mai shi. Na sa Adama ta yi ta tambaya a cikin 'yan gudun hijira, tana kwatanta musu yankan kunnen. Wani tsoho ya ce irin yankan mafarautan wajen Ruwan Godiya ne, amma da aka bi maganar sai aka tarar mutanen da yake nufi sun watse, wasu sun yi Funtuwa, wasu ba a san inda suke ba, wasu kuma sai dai addu'a. Wani mutum ya zo da kansa ya ce yana so, yana magana yana auna cinyar karen da ido. Na gane irin masu lodin karnuka a keji ne zuwa inda ake cin su, na ce masa ya bar mini ƙofar gida tun ban ɗaga murya ba. Daga ƙarshe Adama ta kawo mini wani ɗan'uwan marigayi mijinta, Malam Gide, manomi kuma mafarauci daga Damari ta ƙasar Sabuwa, wanda ya kawo hatsi kasuwa. Karensa ya mutu a bazara, birai sun addabi masararsa. Na zaunar da shi a zaure na yi masa tambayoyi: me zai ba shi ya ci, ina zai kwana idan ana ruwa, yana dukan dabba ko ba ya duka, zai haƙura da ɗingishin ko zai jefar da shi ranar da ya kasa kamo zomo. Ya amsa duka, sannan ya ce, Hajiya, ko lokacin da ya je neman auren uwar 'ya'yansa ba a tsare shi haka ba, in akwai jarrabawar rubutu a gaya mashi tun yanzu ya gudu. Ya shiga turken ya tsuguna, bai miƙa hannu ba, ya bar karen ya zo ya shinshine shi don kansa. Da na ga haka sai na ce ya ɗauka.

Sai ya ce ba a ɗaukar kare haka. Ya ce wanga kare ya riga ya san hannuna, in ya tafi da shi yau, ko a Damari ne sai ya tsinke igiya ya kamo hanyar Kankara, kuma da wannan ƙafa da wannan daji ba zai iso ba. A al'adarsu ta mafarauta, in kare zai sauya gida, sai gidan farko ya ƙi shi a gabansa. Wato in hana shi abinci yini guda, ranar tafiya in fasa kaskonsa yana kallo, in kore shi da hannuna, kada in sa wani, kada kuma in yi masa magana mai taushi. Shi kuma zai tsaya a waje da abinci. Yana faɗa yana satar kallona, yana jiran gardama. Na ce masa, Malam Gide, ba sai ka yi mini dogon bayani ba, na san wannan tun ba a haife ka ba. Ka zo ran kasuwa mai zuwa da safe.

Kai ma ka san inda na san shi. Mahaifinka, Allah Ya ji ƙansa, ya kawo mini kai bayan an yaye ka, ya ce Yaya ga ɗanki. Na riƙe ka har ka gama firamare, sannan ya ce yana so ka dawo gabansa, kuma haƙƙinsa ne. Ranar da ya zo ɗaukarka na haɗa maka akwatinka na ajiye a tsakar gida, na shiga ɗaki na sa sakata, ka yi ta buga ƙofa ban buɗe ba. Ka sha yi mini ƙorafin wannan rana, ni kuma na sha gaya maka ba na neman afuwa a kanta. Da na fito na rungume ka da ba ka zauna a gidan ubanka ba. Haka riƙo yake, wanda ya karɓa ya san da ranar mayarwa.

Sai dai sani daban, ƙarfin yi daban, kuma a wancan lokaci ina da ƙuruciya. Yinin da na hana shi abinci ya yi mini tsawo. Lokacin cin abincinsa ya yi, ya je ya tsaya a kan kaskon, ya dube shi, ya dube ni. Da yamma ya ɗauko kaskon da bakinsa ya kawo bakin zaure ya ajiye, abin da bai taɓa yi ba. Ni ma ban iya cin komai ba, na zuba tuwona a kwano na aika wa Adama. Da safe Malam Gide ya zo, ya tsaya a ƙetaren titi kusa da akori-kurar da za ta mai da su, da ƙunshin tuwo da ƙashi a hannu. Na sa zanen turke, na buɗe ƙofa, na ɗauki kaskon na ɗaga shi yadda zai gani, na sake shi a kan dokin ƙofar zaure. Ya tarwatse. Karen ya zabura ya ja baya, sannan ya dawo yana shinshina gutsattsarin. Na ɗauki sanda na buga ƙasa na daka masa tsawa. Maimakon ya gudu sai ya kwanta, ya riƙa jan ciki yana matsowa wajen ƙafafuna, yana jan ƙafar nan da na yi makonni ina wankewa. Na sake buga ƙasa, ya sake matsowa. Adama tana gefe ta rufe fuska da mayafi tana cewa Hajiya a bar shi, a bar shi haka. Malam Gide yana nan tsaye a ƙetaren titi da ƙunshinsa. Na gane idan na tsaya a nan na ɓata komai, yunwar jiya ta tashi a banza. Sai na ɗaga sandar na sauke masa ita a gadon baya, sau ɗaya, da gaske. Ya yi ƙara ya fita titi, ya tsaya ya waiwayo. Na rufe ƙofa.

Ban ga sauran ba. Adama ce ta ba ni labari cewa ya daɗe a tsaye yana kallon ƙofar, sannan ƙanshin tuwon ya ja shi, ya ci a hannun Malam Gide, aka sa masa igiya bai yi gardama ba. Ni a lokacin ina zaune a ƙasa a bayan ƙofar, kuma a wannan karon ma na kasa tashi, sai da ta zagayo ta ɗaga ni. Makon jiya saƙo ya zo daga Damari cewa yana ci, yana bin Malam Gide gona, birai sun ja baya, kuma bai taɓa gwada tsinke igiya ba. Na ce alhamdu lillahi. Abin da ake so ke nan. Na tsince gutsattsarin kaskon na zubar, na ƙone zanen turke, na wanke wurin da toka. Mairo da sauran matan sun dawo aji, ta shigo tana shinshina iska tana cewa to yanzu mala'iku sun samu hanya.

Yanzu ga maganar motarka. Na san ba don ka wulaƙanta ni ka yanke ba. Kana jin labarin garin nan a rediyo, kana jin tsoro, kuma tsoronka yana da dalili. Ni ma da nake cikinsa ba na cewa lafiya lau ake. Amma ka ga abin da ake yi kafin mai rai ya sauya gida ya zauna: sai gidan farko ya hana shi abinci, ya fasa masa kasko, ya rufe masa ƙofa. In ba haka ba jikinsa ne kawai zai tafi. Ni gidan nan bai ƙi ni ba tukuna. Da guminmu muka gina shi ni da marigayi mijina, kabarinsa yana nan bayan gari inda nake iya aika masa addu'a ina kallon wajen, ɗalibaina sun dawo, kuma har yau ni nake auna gishirin miyata. Idan ka kai ni Fatakwal za ka samu tsohuwa a bene tana kallon taga, matarka Nana Aisha tana hidima da ita tana haƙuri, ita kuma tana lissafin hanyar Kankara. Kada ka aiko da motar. In ta zo za ta koma yadda ta zo, kuma ba na so a yi asarar mai.

Amma ba zan rufe takardar nan da taurin kai kaɗai ba, domin sau biyu ke nan ana ɗaga ni daga ƙasa, kuma na iya lissafi. Guga ya fi ƙarfina yanzu. Tun tafiyar karen kuma hannuna ya ƙi komawa awon mutum ɗaya, kullum sai tuwo ya yi saura. Don haka na ce wa Adama ta bar kangon nan da ke yoyo ta dawo ɗakinka na dā, wanda yake rufe tun tafiyarka. Ba 'yar aiki na ɗauka ba, kada ka aiko mata da albashi ka ɓata mini tsari. Ita za ta ja ruwa ta duba tukunya, ni zan koya mata karatu, ta riga ta fara rubuta sunanta ko da yake dal ɗinta yana kallon baya. Ta ce za ta zauna har ƙauyensu ya zaunu. Na ce mata na sani, kuma ranar da za ta koma ba sai an fasa komai ba. Lambar wayarta tana ƙasan takardar nan. Idan ka kira ni ban ɗauka ba ka kira ta, amma kada ku riƙa shawara a kaina a bayan idona.

In ranar ta zo da gidan nan ya ƙi ni, ba Hajaratu ce za ta gaya maka ba. Ni zan rubuto maka da hannuna in ce ka zo, kuma ka zo da kanka, kada ka aiko direba.

Ka gaishe mini da Nana Aisha, ka ce na gode da man zafin da ta aiko, yana taimakawa. Ka gaishe da Uwais, ka ce masa na ga rubutunsa a hoto, yana matse haruffa, ya riƙa ba su wuri su sha iska. Ka shafa mini kan Khadijatu, takwarar mahaifiyata. Na ba Lawwali ƙullin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ku duba kada ya manta da su a mota. Ka kira Hajaratu ka kwantar mata da hankali, ka ce ƙofata a buɗe take, kuma turken babu kowa. Adama tana gaishe ku, Mairo ma ta ce a gaida ɗan Hajiya na bakin teku. Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa, Ya sa mu cika da imani.

Na gaji, zan tsaya a nan tun rubutun bai ba ka hujja ba.

Wassalam. Ni ce Gwaggonka da ta riƙe ka,
Hajiya Fatima Zahra'u.